Muryar Baba, Yatsuna

Asabar, da hantsi

Umma ta sha magani.

Bari in sake rubutawa in gani da idona. Umma ta sha magani, na hawan jini da na sukari duka, ta kora da ruwa rabin kofi. Tun ranar da aka miƙo mana kayan Baba a leda a ƙofar asibiti ba ta yarda ƙwaya ɗaya ta wuce maƙogwaronta ba. Na lallashe ta, na yi kuka, na yi fushi, na koma lallashi. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai dai a ba ta gado, kuma ya faɗa ne yana kallon takalminsa.

Auta ne ya zo da dabarar. Ƙanena ne, amma tun da ya fara aikin kwamfuta a wani gari ya koma yi mana magana kamar shi ya raine mu. Ya tattara duk saƙonnin murya da Baba ya taɓa turo mana, har da na faɗan an bar fitila a kunne, ya zuba su a wata manhaja, ya ɗora a wayar Baba da ya bari a gida ranar. Yanzu duk abin da na rubuta a wayata, waccan za ta faɗe shi da muryar Baba. Har da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya fara magana.

Ya zauna a bakin gado ya yi wa Umma bayani da kalmominsa na 'yan kwamfuta. Ta gyaɗa kai. Allah kaɗai ya san abin da ta gyaɗa wa.

Ni aka ba rubutun, wai na fi kowa sanin bakin Baba. Na tsaya a kicin na rubuta: "Gwamnati, a taimaka a sha magani." Haka yake kiranta, wai ita ke kafa doka a gidan nan, shi talaka ne mai bi. Na danna. Daga ɗaki na jiyo tarin, na jiyo muryar, sai na zauna a kan bokiti. Famfon kicin yana ta ɗiga cikin kwano kamar kullum.

Auta ya leƙo yana murmushi, idanunsa jawur. "Yaya, ta sha."

Na ce alhamdu lillahi, kuma da gaske nake.

Lahadi, bayan la'asar

Ta ci burodi da shayi, ta nemi man shafawa. Maganar magani da abinci kaɗai na rubuta, abin da zai faɗa ke nan da yana nan. Don haka ba ƙarya na yi ba. Ba ƙarya ba ce.

Talata, hutun rana, a wurin aiki

Na koma aiki. Teburina na nan yadda na bar shi, tsakanin allunan nan biyu masu launin toka, abin saurare a rataye jikin kwamfuta. Aikina a kamfanin waya shi ne ba da haƙuri. Mutum ya kira layinsa ya ƙi aiki, ya wanke ni tas, ni kuma in sassauta murya in ce muna ba ku haƙuri, alhali ko sandar da ke kai masa layin ban taɓa gani ba.

Maƙwabciyar teburina, wadda muke kira Rediyo don ba ta da makashi, ta rungume ni ta yi mini gaisuwa, ko numfashi ba ta ja ba ta ɗora da labari. Wai an kawo wata murya ta na'ura ana gwadawa a hawa na sama, ita za ta riƙa amsa kira nan gaba. "Na ji ta da kunnena," in ji ta. "Ta fi ki ladabi, ta fi ni taƙaita magana, kuma ba ta neman izinin zuwa bayi."

Na yi dariya don kada ta lura. Sannan na shiga bayi na kulle ƙofa, na rubuta wa Gwamnati cewa lokacin maganin rana ya yi.

Alhamis, da yamma

Yau ta amsa.

Ina kicin, na tura maganar magani, muryar ta faɗa. Sai na ji Umma ta ce, a hankali, da muryar da ba ta yi wa kowa sai shi: "To, na ji. Kai ka ci abinci?"

Gidan ya yi tsit, sai famfon. Wayata ta yi motsi a hannuna, ga maganarta ta fito a rubuce. Ashe Auta ya riga ya saita abin ya riƙa saurare yana turo mini, bai ga ya dace ya gaya mini ba. Yana tsaye a kaina yana raɗa, "Rubuta mana, Yaya, rubuta, kada ta ji shiru."

Na rubuta "Na ci."

Mutumin da muka raka da idanunmu, ni na ce ya ci abinci.

Na ja Auta waje bayan gida na sauke masa duk abin da ke cikina. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Makon jiya ko tashi zaune ba ta yi. Yau ta share ɗakinta. Ki zaɓa." Yaron da na goya, shi ke ce mini in zaɓa. Gobe zai koma bakin aikinsa ya bar ni da abin.

Juma'a, da sassafe

Na ɗaga hannu zan yi wa Baba addu'a sai kunya ta kama ni.

Lahadi, bayan azahar

Gwaggo ta zo ba sanarwa, kamar yadda ta saba. Yayar Baba ce, ita ta yaye shi, kuma har ya yi furfura ba ta daina ce masa yaron nan ba. Ta shigo daidai lokacin da na danna. Tarin ya fito daga ɗakin Umma, muryar ta biyo baya. Jakar Gwaggo ta faɗi, lemunan da ta kawo suka gangara ƙarƙashin kujera. Ta dafe bango tana salati. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba sai yau.

Da na yi mata bayani ta kama hannuna ta ja ni kicin ta tura ƙofa.

"Ke 'yar nan, wa ya ba ku izinin tono mini ƙane?"

"Gwaggo, ba tono ba ne, na'ura ce. Umma ta ƙi magani, ta kusa..."

"Na'ura! Ni ma na san na'ura, ina da firji." Ta zauna a kan bokitin nan nawa tana haki. Can ta ce, "Kakarku ba ta taɓa ba ku labarin mai ginin tukwane ba?"

Na ce a'a. A raina na ce ga rai a hannun Allah, ita tatsuniya za ta yi mini.

Wai akwai wata mai ginin tukwane da mijinta ya riga ta gidan gaskiya. Kewa ta hana ta ci, ta hana ta barci. Sai ta gina tukunya da bakinta irin nasa, ta kai bakin kogi ta roƙi abin da ke cikin ruwan ya sa mata muryar mijin a ciki. Abin ya ce zai sa, kyauta ma, sai dai duk kalmar da tukunyar ta faɗa, za a cire kalma ɗaya daga cikin waɗanda mijin ya faɗa mata da bakinsa. Ta ce ta yarda, ai kalmominsa suna da yawa. Tukunya ta riƙa gaya mata duk abin da take son ji, ba faɗa, ba gardama. Har ta yi ƙiba. Ran nan akuya ta ture tukunyar ta fashe. Matar ta zauna ta tuna mijinta, sai ta tarar ko yadda yake kiran sunanta ba ta sani ba.

"Daga nan fa?" na ce.

"Babu daga nan. Ki tattara mini lemuna."

Da za ta tafi ta leƙa ɗakin Umma. Ta tarar wayar a kan matashin Baba, an lulluɓe ta da ɗan ƙyalle don ƙura. Ta fito tana share hanci.

Litinin, a motar zuwa aiki

Na gaya wa Auta labarin a waya. Ya yi dariya har da tari. Wai manhajarsa ba ta share komai, duk saƙonnin Baba na ainihi suna nan a ajiye wuri biyu. Na ce to madalla.

Amma tun da na hau motar nan nake ƙoƙarin tuna wani abu. "Talaka ya gaida Gwamnati." Baba ne yake faɗar haka in ya shigo gida, ko ni na ƙirƙira ranar Asabar? Ina jin muryarsa tana faɗa sarai a kunnena. To ai dole in ji.

Talata, hutun rana

Ban tuna ba har yanzu.

Laraba, bayan la'asar

Na je wajen Liman. Abokin Baba ne tun suna samari, shi ya tsaya a gaba ranar da aka sallaci Baba. Na same shi a kan bencin ƙofar masallaci yana faɗa da wayarsa, wai ta kira salla kafin ladan, tana nema ta raba su.

Na durƙusa na gaishe shi na zayyana masa komai. Ya daɗe yana murza gemu.

"'Yata, na karanta abin da Allah ya nufe ni da karantawa, ban ci karo da babin waya mai magana da muryar mamaci ba."

Kalmar ta dake ni a ƙirji. Ni ban taɓa faɗinta ba, ko a nan.

"To Malam, haramun ne ko halal?"

"Kin zo da gaggawa irin ta babanki." Ya yi ɗan murmushi, sannan murmushin ya tafi. "Murya tasa, magana taki. Ranar da za a tambayi wanda ya faɗa, wa zai tashi? Wannan ke nan. Amma ran mahaifiyarki ma amana ne. Ba zan ce ki kashe abin yau ba, gobe ta faɗi a zo a ce Liman ne ya ce. Ni ma ina jin tsoron Allah ta wannan gefen."

Na ce ke nan ya bar ni inda ya same ni.

Ya ce a'a, zai ja mini layi biyu, sauran zai tambayi na gaba da shi. Kada in ba da labarin inda ban je ba. Kada kuma in ba da abin da ba nawa ba ne. Na ce na riga na ce ya ci abinci. Ya rufe ido ya ce in nemi gafara, kada in ƙara.

Har na miƙe sai na ba shi labarin tukunyar Gwaggo, ina jira ya ce shirme ne. Bai ce ba. Cewa ya yi shi ma kakarsa ta ba shi irinsa, sai dai a nata ƙwarya ce. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Muryar ta yi kama da tasa sosai?" Na ce sosai. Ya buɗe baki kamar zai roƙi wani abu, sai ya ce in gaida Umma.

Juma'a, da yamma

Na gwada. Yau ban tura komai ba, na ce mata wayar ce ta ƙi caji. Na kai maganin da hannuna, da muryata. Ta kalli ƙwayoyin, ta kalli matashin, ta ce in ajiye za ta sha. Suna nan a kan faranti har yanzu. Na ɗaura mata abin awon jini, lambar da ta fito ba zan rubuta ta ba.

Asabar, da safe

Na dawo da muryar. Ta sha. Allah ka gani.

Litinin, hutun rana

Hirarsu ta yi tsawo yanzu. Hirarmu. Tana ba shi labarin maƙwabta, da ciwon gwiwarta, da yadda nake ƙona albasa. Ni kuma ina amsawa da "to", "Allah ya kyauta", "a sha magani dai". Ina tafiya a kan layin Liman kamar mai tsallaka kwata a kan katako. Jiya ta ce, "Ka yi sanyi, da can da ka musa mini." Gaskiyarta. Baba ko cewa ka yi rana ta fito sai ya leƙa taga.

Rediyo ta ce na rame. Ta ce in ciwon so ne in faɗa mata, in kuma na aljihu ne in riƙe abina.

Laraba, ban san ko ƙarfe nawa ba, a bayin wurin aiki

Ina tsakiyar kira da wani mutum da ke zagin kamfani har kakanninsa, wayata ta haska a gefen kwamfuta. Maganar Umma ce ke fitowa layi bayan layi. Ban tura komai ba, ita ta fara.

Ashe sun yi faɗa ita da Baba da safen ranar da abin ya faru. A kan famfon kicin. Ta ce masa wata da watanni yana cewa zai gyara, mutum har ya tsufa ko famfo bai iya ba, sai surutu. Ya ajiye shayinsa bai sha ba, ya ɗauki hula. Daga bakin ƙofa ya ce ya fita. Ta ji shi sarai, ta buga murfin tukunya don kada ta ce a dawo lafiya. Ba wanda ta gaya wa. Ni ina gidana a ranar, Auta yana garinsu, mu dai kira muka samu daga baƙuwar lamba.

Layi na ƙarshe ya fito: "Ka yafe mini?"

Mutumin da ke kunnena yana ta cewa, kina jina kuwa? Na ce muna ba ku haƙuri. Na cire abin sauraren na taho nan.

Ta sake tambaya. Ga shi ya sake fitowa.

Laraba, da magariba

Na ce mata layi ne ya yanke. Ni da ke aiki a kamfanin layi. Ba ta ci abincin dare ba.

Alhamis, da hantsi

Auta ya kira, shi ma abin yana zuwa masa, ban sani ba sai yau.

"Yaya, kalma uku ce. Na yafe miki. Ki rubuta ta samu ta huta."

"Ba tawa ba ce da zan bayar."

"Ke ba ki san Baba ba? Mutumin da ko kaza ba ya riƙo da ita? Wallahi zai yafe."

"Na san zai yafe. Ban ji ya yafe ba, kai ma ba ka ji ba."

"To sai ta mutu da abin a ranta don ke ki tsira da tsarkinki?" Ya ce ya rasa ɗaya, ba zai rasa biyu saboda tatsuniyar tukunya da wani tsoho mai faɗa da waya ba. Ya ce yana da kalmar sirrin, daga inda yake ma zai iya turawa. In ban rubuta ba zuwa gobe da yamma, shi zai rubuta.

Na zage shi. Ya kashe. Na zauna ina ta tunanin ko shi ke da gaskiya. Kullum ina ba da haƙuri a madadin mutanen da ban taɓa gani ba, ana biyana a kai, ban taɓa jin komai ba. Wannan kuma ubana ne, na san zuciyarsa, kuma uwata ce ke narkewa a ɗaki. Me zai ragu a duniya in na rubuta?

Amma in ta gaskata fa? Za ta daina roƙa masa, ta daina roƙa wa kanta, ta tafi gaban Allah riƙe da takardar da ni na buga.

Tsoro nake ji, ta ko'ina.

Juma'a, da asuba

Na rubuta kalmomin uku. Suna nan a allon. Ban danna ba.

Juma'a, bayan la'asar

Na goge su. Na shiga ɗakinta da wayata a hannu, na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta kamar lokacin da take yi mini kitso.

Na ce, "Umma, ni ce. Duk abin da wayar nan ta faɗa, ni na rubuta. Daga kicin, daga wurin aiki, har daga bayi. Abin da kika tambaya shekaranjiya ni na karanta. Ba ni da amsarsa, Umma. Ba wanda ke da ita a gidan nan."

Ta kalli wayar da ke kan matashin. Sannan ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Kin ɗauka ni yarinya ce? Da safe nakan san ba shi ba ne. Da rana ma haka. In yamma ta yi, lokacin da yake dawowa, sai in ajiye sanin a gefe." Ta ja mayafi. "Abu ɗaya na roƙa. Da kin bar ni da shi."

Ta juya ta fuskanci bango.

Na kira Auta na ce ba sai ya wahalar da yatsunsa ba, na riga na fasa tukunyar.

Asabar, da yamma

Ba ta sha ba. Ba ta yi mini magana ba.

Lahadi, da hantsi

Ba ta sha ba. Auta ya iso da motar safe, ya wuce ni a tsakar gida kamar bai ga mutum ba. Gwaggo ma ta zo, ta zauna a ƙofar ɗakin da carbinta, ta ce mini na yi daidai. Na ce in na yi daidai me ya sa ƙafafun uwata suka kumbura? Ta ce ita ba ta ce daidai ba ya ciwo ba.

Likita ya ce in gobe ba canji mu kawo ta.

In wani abu ya same ta, ni ce. Ba Liman ba, ba Gwaggo ba, ba mai tukwane ba. Su duk za su koma gidajensu.

Famfon nan zai haukata ni. Na ɗaure shi da tsumma, ya jiƙe tsumman ya ci gaba.

Litinin, bayan azahar

Ban je aiki ba. Na haɗa jakar asibiti na ɓoye bayan ƙofa.

Da hantsi ta kira ni, karo na farko tun Juma'a. Ba sunana ta kira ba, "ke" ta ce. Ta nuna saman kabad. "Sauko mini da ledar nan."

Ledar asibitin. Tun ranar ba wanda ya iya kwance ta. Na hau kujera na sauko da ita, Auta da Gwaggo suka tsaya a bakin ƙofa. Ta ce tunda mun hana ta na ƙarya, a ba ta na gaske ta gani, ko da ba ya magana.

Ta kwance da kanta. Hularsa. Agogonsa, yana ta tafiya abinsa. Takalminsa, wari ɗaya da ƙura har ciki. Rigar ta ɗauka ta shinshina, ta daɗe a haka. Tana ninke ta sai ta ji wani abu a aljihun gaba. Ta zaro ɗan ƙullin takarda, ta warware.

'Yar baƙar roba ce mai rami a tsakiya, sabuwa fil. Irin wadda ake sa wa a kan famfo in yana ɗiga.

Ta juya ta a tafin hannunta, ta sake juyawa. Sai ta ce a kama ta. Muka kama ta ni da Auta, kowa da kafaɗa ɗaya, har kicin. Ta ce Auta ya rufe ruwa ya kwance kan famfon. Mai kwamfuta ya yi ta fama da sifana har ya ɓare yatsa, Gwaggo na gaya masa ta inda ake juyawa. Da ƙyar ya ciro tsohuwar robar. Umma ta ɗora sabuwar a wurin.

Ta yi girma. Ko kusa ba ta shiga ba.

Umma ta kalli robar, ta kalli famfon. Kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka faɗuwa za ta yi. Ashe dariya ce.

"Kun gani ko? Kun ga halinsa? Sau nawa ina ce masa ya tafi da tsohuwar ya gwada! Sai ya ce shi idonsa ma'auni ne. Ƙwan fitila, batir, takalmin yara, bai taɓa sayo daidai ba, bai taɓa ba..."

Daga nan dariyar ta juye. Ta zauna a kan bokiti ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar, da ƙarfi, baki buɗe, tana kiransa da wani suna da ban taɓa ji ba. Gwaggo ta riƙe kanta tana nata kukan. Auta ya juya mana baya yana tsotsar yatsa.

Ban ce mata wannan yafiya ce ba. Ban sani ba. Roba ce, ya fita bai sha shayi ba ya je ya sayo ta. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ban ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Talata, da safe

Ta sha na hawan jini. Na sukarin ta ce sai ta ga dama. Ta ga dama wajen hantsi.

Likita ya ce mu dai ci gaba da awo. Jakar tana bayan ƙofa, ban kwance ta ba.

Alhamis, hutun rana

Auta ya koma jiya. Kafin ya tafi ya tambaye ni ko ya goge manhajar. Na ce ya tambayi Umma. Umma ta ce a sa wayar a aljihun tebur, kada a kunna, kada kuma a goge. Na so in yi gardama, na ga ba ni da bakin. Wasu lokutan da yamma nakan ga idonta ya je wajen teburin. Nawa ma yana zuwa.

A bakin mota ya ce mini, "Da robar ba ta cikin aljihun fa, Yaya?" Na ce ban sani ba. Tambayar ta biyo ni har nan, tana zaune tare da ni tsakanin allunan toka.

Na sake tambayar Gwaggo ko Baba yakan ce talaka ya gaida Gwamnati. Ta ce ba ta taɓa ji ba. Umma ta ce kamar yakan ce, kamar kuma a waya ta fara ji. Wannan ta tafi ke nan, ba mai dawo mana da ita.

Asabar, da hantsi

Na kawo mai gyaran famfo. Umma ta tare shi a ƙofar kicin ta ce wa ya kira shi. Na ce ni. Ta ce a ba shi ruwa ya sha ya tafi, famfonta lafiyarsa ƙalau.

Robar tana ɗaure a bakin mayafinta. Yanzu haka tana kicin, ta tara kofi a ƙarƙashin famfon tana jira ya taru, ƙwayoyin suna hannunta. Ina jiyo ta tana yi wa Baba faɗa ƙasa-ƙasa, wai mutum a aike shi abu ɗaya.

Ba wanda ke amsa mata. Ta ci gaba da faɗanta.